Gina shafin intanet: abin da za a tsayar kafin a biya kuɗi

Jama'a, musamman ƴan uwa mazauna Abijan, Legas ko Faransa da ke biya a yi wa ƙungiya ko shagon gida shafin intanet, ga yadda ake tsara aikin.

Farko dai takarda. Mai ginawa da mai shafi su rubuta shafuka nawa ne, da Hausa ko Faransanci, wa zai kawo hotuna da rubutu, da ranar gamawa. Rigima yawanci daga nan take tasowa: an yanke farashi, sai a dawo da "ƙara mini kaza". Kuɗin kuma a raba uku: kafin alƙalami, wani kaso bayan an ga samfuri, ciko ranar miƙawa.

Masu ginawa da yawa suna aiki da WordPress, wanda ya fito a 2003, kuma shi kansa kyauta ne. Abin da ake biya shi ne sunan shafi, irin mai ƙarewa da .ne na Nijar ko .com, da wurin ajiyar bayanai. Haya ce, galibi shekara-shekara. In aka manta sabuntawa, shafi ya rufe, wani ma yana iya ɗauke sunan. Saboda haka a yi rajista da sunan mai shafi, ba na mai ginawa ba, kalmar sirri kuma ta zauna hannunsa. Kar a sassauta a nan ko da ɗan uwa ne ya yi aikin.

Kafin biyan ciko, a gwada shafin a salula, a ƙauye inda rezo ke da rauni. Hoto mai nauyi ba ya buɗuwa, kuɗin intanet kawai yake ci.