Yadda Fuskar Manyan Motoci Ta Zama Gadon Gida

A cire tambarin gaban Marsandi, a cire na baya, a ajiye ta a bakin titi. Yaron da ke wankin mota ma zai faɗi sunanta tun daga nesa. Haka BMW, haka Audi. Wannan kamanni da ke tsakanin motocin gida ɗaya, kamfanonin Jamus sun shafe fiye da shekara ɗari suna gina shi, wani lokaci da gangan, wani lokaci bisa tilas. Kuma tun asali ba don ado aka fara shi ba. Matsalar zafin inji ce ta haife shi.

A 1901 injiniya Wilhelm Maybach na kamfanin Daimler ya ƙera wa wani attajiri, Emil Jellinek, motar tsere wadda aka raɗa wa sunan 'yarsa Mercedes. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne lagiretonta: dubban ƙananan bututu da aka jera kamar saƙar zuma, iska na ratsa su tana sanyaya ruwa. Dole lagireto ya zauna a goshin mota, inda iska ta fi bugawa, don haka shi ne abin da ido ke fara cin karo da shi. Nan da nan kowane maƙeri ya gane cewa wannan wuri allon talla ne na kyauta. Rolls-Royce a Ingila ta yi nata da sandunan tsaye masu kama da ginshiƙan tsohon ginin Rum, a 1911 kuma ta ɗora ƙaramin mutum-mutumin mace a samansa. Daimler ta yi rajistar tauraro mai tsini uku a 1909, bayan haɗewarta da Benz a 1926 aka kewaye shi da zoben ganye na tambarin Benz. Zuwa shekarun 1930 lagireton kansa ya koma ciki, aka bar ragar ƙarfe mai ƙyalli a waje tana kare shi daga tsakuwa. Daga nan raga ta samu 'yancin zama fuska.

BMW ta shigo wannan harka a makare. Injin jirgin sama da babur ta fara ƙerawa, sai a 1933 ta fito da ƙirar 303, mai raga a rabe gida biyu, dogaye a tsaye, waɗanda ake kira ƙoda har gobe. Amma ƙoda biyu kaɗai ba su isa su yi iyali ba. A shekarun 1950 kamfanin yana sayar da manyan motocin alfarma irin su 501 da 502 waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin Jamusawa, a ɗaya gefen kuma yana sayar da Isetta, 'yar mitsitsiyar mota mai ƙofa a goshi. Babu mai kallonsu ya ce daga gida ɗaya suka fito, kuma babu komai a tsakaninsu. A Disambar 1959 saura ƙiris a miƙa kamfanin ga Daimler-Benz. Ƙananan masu hannun jari suka yi tirjiya, attajiri Herbert Quandt ya zuba kuɗinsa, aka tsira.

Motar da aka yi da wannan kuɗi, BMW 1500 da aka nuna a baje kolin Frankfurt a 1961, ita ce uwar duk abin da ya biyo baya. Goshinta ya karkato gaba, gilasanta manya ne, ginshiƙanta sirara. A ƙasan tagar baya ta gefe akwai wata 'yar lanƙwasa da ke juyowa gaba, wadda aka laƙaba wa sunan shugaban sashen zane na lokacin, Wilhelm Hofmeister. Ƙaramin abu ne da mutum zai iya rufewa da tafin hannu, amma kusan duk salun ɗin da BMW ta yi tun daga ranar yana ɗauke da shi. Da aka fito da jerin 5 a 1972, jerin 3 a 1975, da jerin 7 a 1977, fasalin ya riga ya zauna, tsawo da faɗi kawai ke canzawa.

Abin dariyar shi ne, wannan fuska da duniya ke ɗauka ta Bajamushe ce tsantsa, baƙi ne suka zana yawancinta. Paul Bracq Bafaranshe ne. Ya yi shekara goma a Mercedes, sannan a 1970 ya koma BMW ya jagoranci sashen zanenta. Wanda kuwa ya mayar da kamannin iyali ya zama ƙa'ida a rubuce ɗan Italiya ne, Bruno Sacco, haifaffen Udine, wanda ya shiga Mercedes a 1958 ya kuma riƙe sashen zane daga 1975 zuwa 1999.

Sacco ya tsaya a kan dokoki biyu. Ta farko: duk motocin da kamfanin ke sayarwa a lokaci ɗaya, babba da ƙarama, dole a ga jini ɗaya a jikinsu. Ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko zurfi: sabuwar ƙira kada ta kunyata wadda ta gada. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ana ɗaukar shekaru ana shirya mota, a ɗauki wasu ana ƙera ta, sannan ta yi wasu ashirin tana yawo a titi. Wanda ya zauna zana ta yau, ke nan yana yanke hukunci ne a kan abin da ido zai gani nan da shekara talatin. Mutumin da ya biya kuɗi masu yawa ya sayi S-Class ba ya son ya wayi gari bayan shekara uku ya tarar motarsa ta zama tsohon yayi, domin ranar da ta tsufa a ido, ranar farashinta ke faɗuwa a kasuwa. Kamanni a nan kariya ce ga aljihun mai saye, kuma shi ne ke dawo da shi ya sake saye.

Babban gwajin dokar farko ya zo a 1982, da Mercedes ta yi kasadar fito da ƙaramar 190. Tsoron shi ne kada ƙaramar ta zubar da mutuncin babbar S-Class ƙirar W126 ta 1979. Sai ga shi akasin haka ya faru: raga ɗaya, tauraro ɗaya a kan bonet, fitilun baya masu tsaga-tsaga iri ɗaya, ƙaramar ta ari kwarjinin babbar ba tare da ta rage mata komai ba. (Su ma tsagogin fitilun ba kwalliya ba ce tun farko, an yi su ne don ko laka ta fantsama, kwarin da ke tsakani ya ci gaba da ba da haske.) A ƙarshen 1984 aka kammala ukun da matsakaiciyar W124, wadda murfin but ɗinta ya sauko tsakanin fitilu yana tsukewa. Wannan yanka ne ya sa a Najeriya ake ce mata V-boot, kuma ganin yadda har yanzu take zirga-zirga a garuruwanmu ba tare da ta zama abin dariya ba, lissafin shekara talatin na Sacco bai yi kuskure ba.

To amma kamanni idan ya yi yawa yakan gundura. A shekarun 1990 'yan jarida sun riƙa yi wa BMW ba'a cewa tsiran nama ɗaya take yankawa tsawo uku. Ba'amurke Chris Bangle, wanda ya karɓi sashen zane a 1992, ya amsa da jerin 7 na 2001, mai but a ɗage kamar an ɗora shi daga baya. An zage shi sosai, har aka yi ta tara sa hannu a intanet ana neman a kore shi. Motar kuwa ta sayu, kuma cikin 'yan shekaru wasu kamfanoni suka fara kwaikwayon but ɗin. Abin lura shi ne duk wannan tawaye bai taɓa ƙoda biyu ba, bai taɓa lanƙwasar Hofmeister ba.

Jaguar ta bi ɗaya hanyar ta sha kashi. Ƙirar XJ ta 1968 ta yi kyau har kamfanin ya kasa rabuwa da ita. A 2003 ya fito da sabuwar XJ mai gangar jikin alminiyon, fasaha ta zamani sosai, amma ya lulluɓe ta da tsohuwar siga, masu saye suka kasa gane cewa sabuwa ce. Sai da mai zane Ian Callum ya watsar da fasalin gaba ɗaya da XF a 2007 da sabuwar XJ a 2009.

Waɗanda ba su gaji fuska ba kuma sai da suka ƙirƙira. Audi tana da zobba huɗu tun haɗewar kamfanoni huɗu a 1932, amma goshinta bai da wani abin kamawa, har zuwa 2004 da Walter de Silva, shi ma ɗan Italiya, ya haɗe ragar sama da ta ƙasan bamba suka zama baki ɗaya ƙato. Lexus ta fara a 1989 da LS 400, mota mai inganci da kowa ya ce ta yi kama da Marsandi. Sai da ta kai 2012 kafin ta samu tata fuskar, raga mai tsukakken ƙugu.

Daga nan aka shiga tseren girman raga, wanda kasuwar Sin, inda ake son mota ta cika ido, ta ƙara ingizawa. Da BMW ta gyara jerin 7 a 2019, ƙodojin sun ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, a daidai lokacin da motocin lantarki, waɗanda ba sa bukatar wata ƙatuwar kafar iska a goshi, ke shigowa. Mercedes ta gwada barin tsohon fasali da EQS a 2021: jiki sumul mai lanƙwasa ɗaya daga gaba zuwa baya, baƙin faifai a madadin raga. Masu sayen S-Class ba su ga motarsu a cikinta ba. A 2024 kamfanin ya zana sandunan ƙyalli a kan faifan, ya mayar da tauraro tsaye a kan bonet. BMW kuma, a sabuwar iX3 ta lantarki da ta nuna a Munich a 2025, ta rage ƙodojin suka koma sirara a tsaye, ta kuma kira sabon jerin Neue Klasse, sunan da aka bai wa motar 1961.