Faya-fayen Super Borgou na Paraku

A da, duk wanda ya hau jirgin ƙasa daga Kwatano ya nufi arewa, a Paraku yake sauka, domin nan dogo ya ƙare. A wannan garin Moussa Mama ya jagoranci ƙungiyar makaɗan Super Borgou, tun ƙasar tana amsa sunan Dahomey, kafin a mayar da ita Benin a 1975.

Da Baribanci da Dandanci suke waƙa. Dandanci kuwa shi ne yaren kasuwa daga Paraku har Jugu, inda a da fataken goro daga Kano kan yada zango a hanyarsu ta Gwanja. Shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin kiɗansu baƙo: jita ce ta lantarki, amma jan muryar na arewa ne, na wanda ya tashi da kiran salla a kunne. Ni dai na fi son su a kan ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano, ko da yake ita ta fi suna.

Kamfanin Albarika Store ya buga musu ƙananan faya-fayen garmaho, waƙa ɗaya ko biyu a kowace fuska. Da kaset ya shigo, sai faya-fayen suka koma ƙarƙashin gado, ƙura da zafin yankin suka lanƙwasa su. Samy Ben Redjeb na kamfanin Analog Africa a Jamus ya bi sawunsu, ya tattara na 1970 zuwa 1976, ya sake fitar da su a 2012 da sunan The Bariba Sound.