Gyaran ƙwayar gado

gyaran ƙwayar gado (suna, namiji, likitanci) Hanyar magani da ake shigar da ƙwayar gado cikin jiki, ko a toshe aikin wadda ke ɓarna, galibi ta amfani da bairos marar lahani irin AAV. A ciwon asma, idan hayaƙi ko ƙura suka taɓa jijiyoyin ji na hanyoyin numfashi, sai jijiyoyin su saki sinadarin P da CGRP, jijiyoyin jini su yi yoyo, majina ta ƙaru, hanyar iska ta ƙuntace. Masu bincike na neman amfani da gyaran ƙwayar gado su rufe TRPV1 da TRPA1, ƙofofin da ke tayar da jijiyoyin ji. Aikin bai wuce ɗakin gwaji ba, don haka mai asma kada ya ajiye abin shaƙarsa. Ga sikila kuwa, Birtaniya ta amince da maganin gyaran ƙwayar gado mai suna Casgevy a 2023.