Mai Shari'a Aloma Mukhtar: Macen Farko A Kujerar Alƙalin Alƙalai

 A ɗan ajiye wankin nan, a matso kusa, yau tarihin Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar za mu ji.

An haife ta ran 20 ga Nuwamba, 1944. Ta yi firamare a Zariya, ta wuce makarantar da ke Wusasa, a zamanin da a Arewa ɗai-ɗai ne iyayen da ke barin 'ya mace ta yi nisa a boko. Daga nan aka tura ta Ingila. Ku duba fa, yarinya ƙarama, ga sanyi, ga kewar gida, amma ta daure ta karanta ilimin shari'a. A 1967 ta zama cikakkiyar lauya a Najeriya, mace ta farko daga Arewa.

Ta fara aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, sannan ta zama majistare a tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas. Ta riƙe babban magatakardan kotunan Jihar Kano daga 1973, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun jihar a 1977. Ta hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, sai Kotun Ƙoli a 2005, duka biyun ita ce mace ta farko.

To, ga inda aka gwada ta. A 2008 shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007 ta zo gaban alƙalai 7. Huɗu suka tabbatar da zaɓen marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, uku suka ce a soke shi, saboda takardun ƙuri'a ba su da lambobin da doka ta tanada. Tana cikin ukun nan, alhali mai mulki na kan kujera. Ba ƙaramar zuciya ba ce wannan.

Duk da haka, a Yulin 2012 aka rantsar da ita Alƙalin Alƙalan Najeriya, ta yi ritaya a 2014 da ta cika shekara 70.

'Yan'uwa, mu da ke cikin gida, hukuncinmu na farko a kan 'ya'yanmu yake. In gari ya waye, talla za a ɗora wa yarinyar nan ko jakar makaranta? Ku tattauna da maigida cikin ladabi da lalama. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, amin. Mu kwana nan.