Liyari da Sule: Yadda Fatake Suka Koyi Tantance Kuɗin Azurfa

A Jisonayili da sauran unguwannin Tamale, akan tarar da tsohuwar da ta adana tsabar azurfa ɗaya ko biyu a ƙasan adaka, gadon iyaye da kakanni. Ranar da aka zo rabon gado sai tambaya ta taso: wannan azurfa ce ta gaske, kuma nawa ta kai? Matasa kan kalli shekarar da ke jikinta su yanke hukunci, su kuwa maƙera su ɗora ta a sikeli. Kakanninmu fatake sun fuskanci wannan tambaya a kasuwa kullum, kuma wanda ya kuskure amsarta cikinsu yakan yi asarar ribar tafiyar watanni.

Tun kafin Tamale ta zama hedkwatar mulkin Ingilishi a arewacin Gwalkwas a 1907, Salaga ce babbar kasuwar yankin. Can ayarin Hausawa daga Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi da kayan fata, su ɗauki goron Gwanja. Kuɗin ciniki a lokacin wuri ne, wanda daga jam'insa muka sami kalmar kuɗi kanta. Aibin wuri shi ne nauyi. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kuma ɗaukarsa aikin ƙato ne ko jaki. Saboda haka attajirai suka riƙa neman abin da zai tara dukiya mai yawa a ƙaramin wuri, suka same shi a liyari.

Liyari tsabar azurfa ce ta ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Teresa. Ta shigo ƙasashenmu ta hamada, a hannun 'yan kasuwar Tarabulus da mahajjata. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya tarar a Kano a 1851 ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500, wato liyari takwas na iya maye gurbin keso guda.

Darasin farko ga mai koyo shi ne kada shekarar da ke jikin liyari ta ruɗe shi. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga tsabar da wannan shekara ba tare da an sauya ta ba, domin kasuwannin Larabawa da Habasha da Sudan ita suka sani, ita suka yarda da ita. An buga ta a Biyana, daga baya kuma a Rum da Landan da Faris da Bombai a ƙarni na 20. Don haka liyari mai 1780 tana iya zama ba ta kai shekara ɗari ba.

To, da me bafatake yake gane ta ƙwarai? Da kunne, da hannu, da ido. Yakan sake ta a kan dutse ko ya ƙwanƙwasa ta da 'yar'uwarta. Azurfa tana da amo mai zaƙi da ke ɗan daɗewa a kunne, ita kuwa jabun da aka haɗa da dalma ko kuza sai ta yi ƙaram, amon ya mutu nan take. Sannan ya auna ta a tafin hannu. Cikakkiyar liyari giram 28 ce da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 nata azurfa ne, saura tagulla. Daga nan ya duba jiki: maƙalar da ke kafaɗar sarauniya da 'yan duwatsun da ke kewaye da ita, da gaggafa mai kai biyu da ke baya, da rubutun da ke zagaye da gefe. Wannan rubutu na gefe shi ke tona asirin wanda ya kankare baki ya saci azurfa. Idan kuwa maƙalar ta shafe saboda yawan yawo a hannu, an san tsabar ta rage nauyi, sai a karya mata farashi ko a ƙi ta. Hausawa suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Zuwan Turawa ya kawo sabon darasi. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, a 1913 kuma aka fito da tsabar azurfa iri huɗu da ake kashewa daga Kano har Tamale: fataka, wato sule biyu, sule, mai hoton kwakwar manja, wanda ya yi daidai da kwabo 12, sisi, kwabo 6, da taro, kwabo 3. Sule 20 ne fam ɗaya. A ƙasansu akwai kwabo da ɗari da anini masu huji a tsakiya, waɗanda ba su da azurfa ko kaɗan. Waɗancan huɗu na farko kashi 925 cikin 1,000 nasu azurfa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Farko farashin azurfa ya hau, har ƙarfen da ke jikin sule ya nemi fin sulen daraja. Mutane suka riƙa ɓoyewa, maƙeran fari na narkarwa suna ƙera zobe da munduwa. A 1920 hukuma ta rage azurfar zuwa rabi, sannan a cikin shekarar ta koma buga su da gaci mai launin rawaya. A nan shekara tana da amfani: sulen 1913 zuwa 1919 azurfa ne mai kyau, na 1920 sai an bincika, abin da ya biyo baya kuwa gaci ne.

Mai riƙe da irin wannan gado a yau yana da daraja biyu a hannunsa. Akwai ta ƙarfe, wadda sikeli da farashin ranar ke yankewa, akwai kuma ta masu tara tsofaffin kuɗi, wadda ta dogara ga ƙarancin tsabar da lafiyar zanenta. Saboda wannan ta biyun, kuskure ne a goge tsaba da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, domin gugar na cinye zanen da ake saye. Wadda aka huda don abin wuya ma ta koma farashin ƙarfe kawai.

Ga ɗalibin Hausa kuwa, tsabar ta tafi amma sunayenta na nan. Gana ta koma sidi a 1965, Nijeriya ta koma naira a 1973, duk da haka har gobe ana cewa wane ba shi da ko sisi, ko kuma abu bai kai anini ba. A Maraɗi da Damagaram dala na nufin faran biyar, kuma da ita ake ƙirga kuɗi a kasuwa, ta yadda mai cewa dala ashirin faran ɗari yake nufi.