Na'urar gano kifi a kwale-kwalen katako: yadda ake zaɓa da yadda ake ɗaurawa

Na'urar gano kifi ƙaramin akwati ne mai allo, wanda ke aika sauti cikin ruwa, ya saurari amsa-kuwwarsa, sannan ya zana wa mai kwale-kwale abin da ke ƙarƙashinsa: zurfin ruwa, yanayin ƙasa, da kifin da ya gitta. 'Yan'uwa biyu, Kiyotaka da Kiyokata Furuno, su ne suka fara fitar da irinta kasuwa a yankin Nagasaki na ƙasar Japan a 1948. A yau ƙaramar cikinsu takan shiga tafin hannu, kuma sananniyar mai araha, Garmin Striker 4, an saba sayar da ita dala ɗari da 'yan kai a Amurka.

Sai dai abin da Ba'amurke ke kira araha, jari ne ga masuncin Yawuri ko Tiga, musamman tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Kuma galibin bayanan da ke intanet an rubuta su ne domin mai kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen roba na mutum ɗaya, wanda ke kamun kifi da fatsa don nishaɗi. Namu kwale-kwalen na katako ne, kuma da shi ake ciyar da gida.

Yadda take aiki

Sassanta uku ne: allo, batir, da wani ɗan dunƙule mai doguwar waya da ake nutsarwa cikin ruwa. Shi wannan dunƙulen za mu kira shi kunne, ko da yake shi ne bakin ma, domin shi ke fitar da sautin, shi ke jin dawowarsa. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,480 cikin daƙiƙa ɗaya a ruwan daɗi, saboda haka daga lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka na'urar ke lissafa nisa.

Abin da ya fi maido da sautin a jikin kifi shi ne jakar iskar da ke cikinsa. Giwan ruwa yana da babbar jaka, yakan fito sarai a allo. Tarwaɗa kuwa jakarta ƙarama ce, lulluɓe da ƙashi, ga ta kuma da kwanciya a taɓo; sau da yawa na'ura mai araha ba ta iya raba ta da ƙasan ruwa. Wanda tarwaɗa ce sana'arsa ya san da wannan kafin ya zaro kuɗinsa.

Sautin yana bazuwa ne kamar hasken tocila, siriri a sama, yana faɗaɗa yayin da yake sauka. A mitar kilohaz 200, wadda kusurwarta kan kai digiri 20, faɗin wurin da ake gani kusan kashi ɗaya ne bisa uku na zurfin ruwan. A zurfin mita goma, kana ganin da'ira mai faɗin mita uku da rabi. A zurfin mita biyu, ba ta kai mita ɗaya ba, wato ko faɗin kwale-kwalen ba ta cika ba.

Wannan lissafin shi ne ke raba inda na'urar ke da amfani da inda sayenta asara ce. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, yana da wuraren da zurfinsu ya kai mita gommai, musamman kan tsohuwar hanyar kogin Kwara. A can, da Jebba da Shiroro da Tiga, na'urar za ta nuna kwazazzabai da tudun ƙarƙashin ruwa inda kifi ke taruwa. Tafkin Chadi kuwa mafi yawansa bai wuce 'yan mitoci ba, dausayin Haɗeja da Nguru kuma kacalla ta cinye shi. A irin waɗannan wurare allon ciyawa kawai zai riƙa nunawa, kuma gorar tuƙi ta fi shi faɗin gaskiya. A yankin Chadi akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan: sojoji sun sha taƙaita kamun kifi da safararsa a can, kuma shiga ruwa da na'ura mai GPS ba tare da sanin hukuma ba neman fitina ne.

Wacce za a saya

Masu araha iri uku ne. Akwai 'yan ƙanana na hannu masu amfani da batirin tocila, waɗanda ke nuna lambar zurfi da zanen kifi. Zurfin nasu yakan yi daidai, amma zanen kifin ba abin dogaro ba ne, domin reshe da kumfa da leda duk kifi suke a wurinsu. Akwai masu kama da ƙwallo da ake jefawa, irin na kamfanin Deeper, waɗanda ke aika hoto zuwa wayar salula. Ba sa buƙatar ɗauri, amma wayarka za ta yini a bakin ruwa cikin rana, hannunka kuma jiƙe. Na uku su ne masu allo mai launi na inci uku da rabi zuwa biyar, irin na Garmin, Lowrance da Humminbird. Ga mai sana'a, a ganina, waɗannan ne kawai suka cancanci kuɗinsu.

A cikinsu a duba mai mita biyu, ƙarama wajen kilohaz 77 ko 83 don faɗi, da 200 don tantancewa. Idan an rubuta CHIRP a kwali, ma'anarsa na'urar tana aika jerin mitoci a bugu ɗaya, abin da ke taimaka mata raba kifi da ƙasa. Alamar IPX7 tana nufin ta jure nutsewar mita ɗaya na minti talatin, ba fiye ba. GPS kuwa, ko da babu taswira, wataƙila ya fi ganin kifin kansa amfani: da shi mutum zai ajiye alamar inda ya kafa kalli ko mamari, ya komo kansa da asuba ko cikin hazon hunturu. Ba duka ke da shi ba. PiranhaMAX 4 ta Humminbird, alal misali, ba ta da shi.

Kusan kowace na'ura tana da tsarin gwaji da ke nuna hoton kifi na ƙarya ko da tana kan kanta a shago. An yi shi ne don koyo, amma mai sayarwa marar tsoron Allah zai iya nuna shi a matsayin shaidar cewa kayan lafiya suke. Gwaji na gaskiya a ruwa ake yinsa: a ɗaura dutse a igiyar da aka auna, a saka, a kwatanta da lambar allo. Kuma a tabbata kunnen da wayarsa suna cikin kwalin, musamman a kayan gwanjo, domin sayensa daban yakan ci kaso mai tsoka na kuɗin na'urar.

Ɗaurawa

A nan ne shawarar masu kayak ke ɓatar da mutum. Su sukan manna kunnen a cikin jirgi da gam, sautin ya ratsa roba ya shiga ruwa. Hakan yana yiwuwa a roba ko faiba mai falle ɗaya. Katako kuwa yana da iska a cikin ƙwayoyinsa, yana shanye sautin. A kwale-kwalen katako, dole kunnen ya kasance cikin ruwa kai tsaye.

Hanya mafi sauƙi ita ce a samu falankin katako siriri ko bututun roba irin na famfo, a ɗaure kunnen a ƙarshensa, a maƙala shi a gefen kwale-kwalen da maƙalin ƙarfe mai noti. Kunnen ya sauka 'yan santimitoci ƙasa da gindin jirgin, fuskarsa tana kallon ƙasa sak. Idan ya karkace, zurfin zai yi ƙarya, siffar kifin kuma ta fito rabi. A yi ɗaurin yadda za a iya ɗaga shi kafin a kai gaɓa, in ba haka ba yashi da dutse za su gama da shi cikin mako guda. A zaɓi gefen da ba ta nan ake jawo koma ba. Idan jirgin mai inji ne, a nisanta kunnen daga farfela, domin kumfa makanta ce ga na'urar. Duk inda aka huda katako, a toshe da abin da aka saba like jirgin da shi.

Wayar kunne ba a yanke ta, ba a yi mata ƙari. Idan ta yi tsawo, a naɗe ta sako-sako.

Wuta kuma, batir rufaffe mai rubutun 12V 7Ah, irin wanda ake sa wa na'urar riƙe wutar kwamfuta, ya wadatar. Ƙaramar na'ura tana jan kusan rubu'in amfiya, kuma tun da ba a son a zuƙe irin wannan batirin fiye da rabi, zai ba da awa goma sha huɗu ko kusa da haka. Ƙaramin faifan sola mai na'urar daidaita caji zai cika shi. A sa fiyus a jar waya kusa da batirin, gwargwadon abin da littafin na'urar ya faɗa, galibi mai amfiya 3, a kuma ajiye batirin cikin robar da ke rufuwa, sama da ruwan da ke taruwa a gindin jirgi. Haɗa ta da batirin inji yakan cika allo da zane-zanen banza.

Da an kunna, a mayar da ma'auni daga ƙafa zuwa mita, a kashe zanen kifin. Kifi na gaske yana fitowa ne kamar baka a kife, kuma sai jirgi yana tafiya a hankali. Abin da ke gefen dama na allo shi ne yanzu. Na hagu ya riga ya wuce.

Wannan batu na ƙarshe yana da nauyi fiye da kamun kifi. Kainji da Shiroro suna da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma ana yawan ambatonsu cikin dalilan kifewar jirage. Na'urar gano kifi mai araha ƙasa take kallo, ba gaba ba. Sai jirgi ya hau kan kututture take nuna shi. Ba ta maye gurbin rigar ruwa, ba ta maye gurbin share hanyar jirage, wanda aikin hukumar NIWA ne.

Haka nan idan wani ɗan siyasa ya sa ta cikin kayan tallafi, akwai tambayoyin da ya kamata a yi masa: nawa aka sayi kowace, zurfin ruwan yankin nawa ne, an haɗa da batir da sola, kuma wa zai koyar da karanta allon da ba a saba samun Hausa cikin harsunansa ba? Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, NIFFR, tana Sabuwar Busa, a bakin tafkin Kainji, kuma a garin akwai kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kiwo da kamun kifi. Shirin da ya raba na'urori a wannan tafkin ba tare da ya bi ta ɗayansu ba, sai a nemi ganin takardun kwangilarsa.