Teburin Faransawa da Tarihin Cin Abinci a Waje a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

A tsohon tsarin rayuwar Kano, magidanci ba ya cin abinci a kasuwa ko a bakin hanya sai bisa lalura, domin ana ɗaukar yin hakan alamar rashin iyali ko ƙarancin kamun kai, kuma abin da aka saba da shi shi ne ciyayya, wato maƙwabta su fito da akusan tuwo daga gidajensu bayan magariba su haɗu a zaure su ci tare. Abincin sayarwa ya daɗe a birnin, amma na baƙi ne da gwauraye da 'yan kasuwa: fatake suna sauka a wurin fatoma, wanda shi ne mai masaukin da ke ciyar da su yana kuma yi musu dillanci, matan kulle suna ɗora wa yara tallar waina da ɗanwake, mahauta kuma suna kafa tukubar tsire da la'asar. Abin da babu shi ne ɗaki na musamman da mutum zai shiga ya zauna shi kaɗai ko da iyalinsa, ya zaɓi abin da yake so a rubuce, a kawo masa.

Wannan tsari a birnin Paris ya samo asali cikin shekarun 1760, ya kuma bunƙasa bayan juyin juya halin 1789, lokacin da masu dafa wa sarakuna da fadawa abinci suka rasa iyayen gidansu suka koma sayar da gwanintarsu ga duk mai kuɗi. Siffofinsa su ne tebur daban ga kowane baƙo, da takardar jerin abinci mai ɗauke da farashi, da ma'aikaci mai hidima, sannan daga baya aka daidaita kawo abincin kashi-kashi, a fara da marar nauyi kamar romo, a bi da nama ko kifi, sai cuku, a rufe da kayan zaƙi, kowane kashi da irin giyar inabin da ake haɗa shi da ita. Mai dafa abinci Auguste Escoffier ya tattara ƙa'idojin wannan girki a littafinsa na 1903, wanda manyan otal-otal na duniya suka riƙa bi.

Ta hanyoyi biyu teburin ya iso ƙasar Hausa. A arewa, Faransawa sun kama Damagaram a 1899, suka riƙe ta a matsayin hedikwata kafin su mayar da mulki Yamai a 1926, kuma a wannan yanki ne girkinsu ya sami gindin zama, har dogon burodinsu mai ɓawo ya zama abin karin kumallon talaka a Yamai da Maraɗi. A Kano kuwa, wadda Ingilishi suka ci a 1903, ciniki ne ya kawo Faransawa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, inda kamfanoninsu irin su CFAO da SCOA suka shiga sayen gyaɗa da fatu da ƙiraga, sannan a shekarun 1930 motocin fasinja da ke ratsa Sahara daga Aljeriya ta Agadas da Damagaram suka riƙa ƙare tafiyarsu a Kano. Hotel de France da ke Titin Tafawa Balewa ya yi suna a wurin matafiya da irin wannan abinci. Sai dai duk wannan a wajen ganuwa ya faru, a Nasarawa da Bompai da kewayen tashar jirgi, kuma Bakanen da ya fi kusa da teburin shi ne kuku da boyi, wato mai dafawa da mai hidimar gida. Waɗannan ma'aikata, waɗanda tarihi bai cika kula da su ba, su ne suka fara sanin yadda ake gasa kek, da haɗa salak, da soya dankalin Turawa, da jera cokali da wuƙa, kuma ta hannunsu da na yaransu ne sanin ya fita daga gidajen Turawa ya shiga otal-otal da kantuna.

A wancan zamani Gyaɗi-Gyaɗi da Ƙauyen Alu da Tarauni gonaki ne da ƙananan ƙauyuka a kudu maso gabashin birni, ba su da abin da ya haɗa su da wannan harka in ban da kayan lambu da kaji. Ƙirƙiro Jihar Kano a 1967 da ayyukan gwamnatin Audu Baƙo, ciki har da gidan namun daji da ya ba Titin Zoo sunansa, su suka ja gari zuwa wannan ɓangare, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988 ya kuma tare a Titin Zariya daga baya, tare da tashar motar Unguwa Uku, suka tara dubban mutanen da ba su da damar komawa gida cin abinci: ma'aikata, da ɗalibai, da masu jinya, da direbobi. Buƙata ce, ba kwaikwayon Turai ba, ta karya tsohuwar kunyar cin abinci a waje.

Girkin Faransa bai amfana da wannan kasuwa ba, kuma dalilan a bayyane suke. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta sa cuku da man shanun waje da sauran kayan da ake shigowa da su suka fi ƙarfin mai albashi, Turawan da ke ci kuma suka ragu yayin da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka shiga durƙushewa. Ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000 da kafa Hukumar Hisba da doka a 2003 sun ƙara nesanta giya, wadda ginshiƙi ce a wancan tebur, daga wuraren cin abinci na unguwannin Musulmi. Ga kuma harshen Bakano, wanda ya saba da yaji da daddawa da kwano cike, ba ya ganin hikimar a kawo masa loma uku a tsakiyar faffaɗan faranti ya jira na gaba. Baƙin abincin da suka karɓu su ne waɗanda suka bi wannan harshe, kamar gurasar da ake dangantawa da Larabawan birni, da agashen Sudan, da shawarmar 'yan Labanan, da taliyar Indomie da mai shayi ke soyawa da ƙwai.

Duk da haka, tsarin zaman ya rage ko da abincin bai zauna ba. Gidajen cin abinci da suka cika Titin Zoo da Titin Kotu, musamman bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014, suna da tebur daban ga kowane baƙo, da jerin abinci mai farashi, da ma'aikata masu kayan aiki iri ɗaya, kuma a nan mata da iyalai suna zama cin abinci a bainar jama'a, abin da tsohon tsari bai sani ba. Abin da ake ɗorawa a kan waɗannan tebura, mafi yawa, shi ne tuwon shinkafa da miyar taushe, da waina, da dafa-duka, da farfesun kayan ciki.